Yanka Tiredi a Jikin Ƙarfe: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu koyon aikin ƙarfe, makanikai da masu walda suka fi yi a kan yanka tiredi, wato haƙoran da ke kewaye cikin rami domin bolti ya kama. Aiki ne da ake rainawa, amma rami ɗaya tak da ya lalace yana iya tsayar da inji sukutum. Abin da zan yi ta nanatawa a amsoshin nan shi ne, yawancin tap (abin yanka tiredi a cikin rami) da ke karyewa tun a wurin huda rami aka jawo masa karyewar, kafin ma a ɗauko shi daga akwati.

Mene ne tap, kuma me ya raba shi da dayis?

Tap yana yanka tiredin ciki, irin wanda ke cikin noti. Dayis yana yanka na waje a jikin sandan ƙarfe, irin na bolti. In ka duba tap da kyau za ka ga siffar bolti gare shi, sai dai an yi shi da ƙarfe mai tsananin tauri, an kuma yanke masa kwarmi uku ko huɗu a tsawonsa. Gefen kowane kwarmi shi ne kaifin da ke yanka. Cikin kwarmin kuma nan ne ɓurɓushi ke taruwa, ta nan ne mai ke gangarawa. Taurin nan shi ne amfanin tap, shi ne kuma rauninsa. Bolti in ka matsa masa zai ɗan murɗe ya yi maka kashedi. Tap kamar gilashi yake, ba ya lanƙwasa, sai dai ka ji ƙas.

Me ya sa suke zuwa uku-uku a saiti?

Domin a raba musu aikin. Na farko bakinsa a tsuke yake, an zabge haƙora 7 zuwa 10 na gaba, saboda ya shiga rami a hankali ya samu hanya. Na biyu haƙora 3 zuwa 5 aka zabge masa. Na uku kusan a cike yake har baki, haƙori ɗaya ko biyu kawai aka taɓa, aikinsa shi ne kai tiredi ƙasan ramin da bai ɓulle ba.

Akwai wani nau'in saiti da ya kamata a lura da shi, wanda aka fi yi a Turai. Za ka ga zobe ɗaya a wuyan na farko, zobe biyu a na biyu, na uku babu zobe. A wannan saitin na farko da na biyu ba sa yanka haƙori har cikakken zurfinsa, sai na uku ne ke kammalawa. In ka tsaya a na biyu, bolti ba zai shiga ba ko da ramin a ɓulle yake. Mutane da yawa kan ɗauka bolti ne ba daidai ba, alhali tap ɗaya ne suka tsallake.

Wane girman bit zan huda rami da shi?

Duk cikin tambayoyin nan babu wadda ta kai wannan nauyi. Ga tiredin milimita lissafin mai sauƙi ne: kaurin bolti, a cire tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori. M8×1.25 na nufin kauri milimita 8, tazara 1.25. In ka cire sai ya bar 6.75, saboda haka bit 6.8 za ka ɗauka. Haka M3×0.5 ke son 2.5, M4×0.7 ke son 3.3, M5×0.8 ke son 4.2, M6×1 ke son 5. M10×1.5 na son 8.5, M12×1.75 na son 10.2, M16×2 kuma 14.

A kula, kauri ɗaya na iya zuwa da tazara daban-daban. M10 akwai mai 1.5, akwai mai 1.25, akwai mai 1. Bit ɗinsu 8.5 ne, da 8.8, da 9. Wanda ya haddace "M10, takwas da rabi" bai duba tazara ba, zai huda ƙaramin rami ga siririn tiredi, kuma tap ne zai sha wahalar.

Wannan lissafi yana ba ka kimanin kashi 75 cikin 100 na cikakken zurfin haƙori, kuma da gangan aka tsara haka. Masu koyo kan ɗauka in ramin ya fi matsewa tiredi zai fi ƙarfi. Gaskiyar ita ce ƙarfin da ake ƙarawa daga kashi 75 zuwa sama kaɗan ne ƙwarai, domin tsinin haƙori siriri ne, ba ya ɗaukar wani nauyin kirki. Amma ƙarfin da za ka sa wajen juya tap ninkawa yake yi. Ka sayi wahala mai yawa da riba 'yar kaɗan ke nan. A ƙarfe mai tauri, ko ramin da tiredinsa zai yi tsawo, ni na fi son a ƙara 0.1 a kan bit ɗin. M8 a sitenles, misali, 6.9 ya fi 6.8 kwanciyar hankali.

Inda mutane ke faɗawa shi ne ranar da babu bit ɗin da ya dace. Ana neman 6.8, akwai 6.5 da 7 kawai. In har dole ne, 7 ya fi 6.5 nesa ba kusa ba a ƙarfe, muddin tiredin na da isasshen tsawo. Amma abin da ya dace shi ne kowane tap ya zauna tare da bit ɗinsa a wuri ɗaya, kada a yi wani aiki da bit ɗin. Kuma a tuna, bit ɗin da aka wasa da hannu leɓe ɗaya ya fi ɗaya tsawo yana huda ramin da ya fi lambar da ke jikinsa girma. Ka huda a guntun ƙarfe tukuna ka auna da kalifa, wato ma'aunin kauri da faɗin rami.

Yaya zan gane irin tiredin da ke jikin bolti ko tsohon rami?

Da abu biyu: kalifa domin kauri, da ma'aunin tazara, wato 'yan faifan nan masu haƙora da ake ɗorawa a kan tiredi. Ka ɗora faifai ka ɗaga wajen haske. In haske na ɓullowa tsakanin haƙora, ba shi ba ne. In babu ma'auni, auna tsawon haƙora goma da kalifa ka raba gida goma.

Dalilin da ya sa ido kaɗai ba ya isa tarihi ne. A 1841 Joseph Whitworth ya fito da tsarin tiredi na bai-ɗaya a Ingila, kusurwar haƙorinsa digiri 55. A 1864 William Sellers ya gabatar da nasa a Amurka mai digiri 60. Bayan wahalar da aka sha a Yaƙin Duniya na Biyu, inda kayan gyaran wannan ƙasa ba sa shiga injin waccan, Amurka da Birtaniya da Kanada suka amince a 1949 da tsarin inci ɗaya, wanda muke gani da alamar UNC da UNF. Tiredin milimita shi ma digiri 60 ne. Duk waɗannan suna nan a cikin injuna har yau, kuma wasunsu sun yi kama da juna matuƙa.

Dubi 5/16-18 da M8×1.25. Na farko kaurinsa milimita 7.94, tazararsa kusan 1.41. Zai shiga ramin M8 zagaye biyu lafiya lau, sannan ya cije. Wanda bai sani ba sai ya ɗauko sufana ya ƙarasa shi da ƙarfi, ramin ya tafi. Haka 3/8-16 da M10×1.5 suke. Bolti in ya shiga zagaye biyu ya tsaya, to ka tsaya kai ma ka auna.

Tap ɗina kullum a karkace yake shiga. Ina matsalar?

Matsalar tana cikin zagaye uku na farko. Tap ba ya gyara kansa. Hanyar da ya ɗauka a farko ita zai bi har ƙasa, kuma duk zagayen da ya ƙara a karkace, gefe ɗaya na cin ƙarfe fiye da ɗayan har ya cije.

Ga yadda ake yi. Da farko ɗaure aikin a bayis, wato matsewar da ke riƙe ƙarfe a kan tebur, yadda ramin zai kalli sama sosai. Sannan ka ɗan fafe bakin ramin da bit mai kusurwa digiri 90, ko da babban bit da ka juya a hankali, har faɗin bakin ya ɗan zarce kaurin bolti. Wannan ɗan fafen yana ba tap wurin zama, yana kuma hana haƙorin farko tasowa sama ya hana washa kwanciya. Sa tap na farko a mariƙinsa, ka ɗiga mai. Riƙe mariƙin ta tsakiya da tafin hannu ɗaya a kan tap ɗin, kada ka kama dogayen hannuwan tukuna. Danna ƙasa kaɗan kana juyawa har ka ji ya kama.

Bayan zagaye ɗaya da rabi ko biyu, saki. Kwance mariƙin ka bar tap a tsaye cikin rami. Ɗora ƙaramar sukwaya, wato ma'aunin kusurwa digiri 90, a kan aikin ka jingina ta da tap, ka sunkuya har idonka ya yi daidai da shi, ka dubi siririn hasken da ke tsakaninsu daga sama zuwa ƙasa. In ya fi faɗi a sama, tap ya kauce. Sai ka zagaya ka sake dubawa ta gefen da ya yi kusurwa digiri 90 da na farko, domin tap na iya miƙewa ta gaba alhali ya kwanta ta hagu. In akwai karkata, ka gyara ta kana cikin juyawa, da ɗan matsi zuwa inda kake so. Kada ka taɓa tura tap gefe yana tsaye cik. Bayan zagaye na uku ko na huɗu gyara ya ƙare, abin da ya samu ya samu.

Da zarar ya kama sosai, daina dannawa. Tiredin da ya yanka ne zai riƙa jan sa ƙasa. Naka kawai juyawa da hannu biyu, ƙarfi ɗaya dama da hagu.

Akwai hanyoyin da suka fi sukwaya sauƙi. Ɗaya ita ce ka samu guntun ƙarfe mai shafaffen gindi, ka huda masa miƙaƙƙen rami daidai kaurin tap, ka ɗora a kan aikin ya zama jagora. Ɗaya kuma, in a injin huda na tsaye ka yi ramin, kada ka motsa aikin. Cire wutar injin gaba ɗaya, cire bit, sa tap a bakin injin, ka juya da hannu zagaye uku kana sauko da shi a hankali. Daga nan ka kwance ka ƙarasa da mariƙi. Duk wanda ke da injin tsaye, ban ga dalilin da zai sa ya fara tiredi ta wata hanya ba.

Ba zan iya juya tap da sufana ba?

Ba na son ganin haka ko kaɗan. Sufana hannu ɗaya gare ta, duk juyin da ka yi kana kuma jan tap gefe, kuma jan gefe shi ne abin da tap ba ya jurewa. Mariƙi mai hannu biyu yana soke wannan jan. Girman mariƙi ma yana da muhimmanci. Babban mariƙi a kan M4 zai hana ka jin abin da ke faruwa, ƙaramin tap ɗin ya karye ba ka ma san ka matsa ba. Ga ƙananan tap, ƙaramin mariƙi mai siffar T da ake juyawa da yatsu ya fi.

Me ya sa ake juyawa gaba a dawo baya?

Domin a karya ɓurɓushi. Tap na hannu mai miƙaƙƙen kwarmi ba ya fitar da abin da ya yanka, tara shi yake yi. A ƙarfe mai laushi ɓurɓushin na fitowa a naɗe, yana tsawo, har ya cika kwarmin. Saboda haka ka yi gaba rabin zagaye zuwa zagaye ɗaya, ka dawo baya kwata ko rabi. A dawowar za ka ji ɗan tauri, sannan wani ɗan ƙaramin sauti, sai mariƙin ya saki. Ɓurɓushin ne ya tsinke. In ba ka ji wannan sakin ba, ba ka koma baya isasshe ba.

A rami mai zurfi, fitar da tap gaba ɗaya lokaci-lokaci, ka goge shi da buroshi, ka zazzage ramin, ka sake mai. Kuma ka koyi sauraron hannunka. Akwai lokacin da mariƙi ke ɗan motsi amma tap bai yanka ba, ka ji kamar yana son dawowa da kansa in ka saki. Jikin tap ne ke murɗewa a lokacin, kuma tsakanin wannan da karyewa babu nisa. Duk sa'ad da ka ji haka, koma baya.

Wane mai ya dace? Baƙin man mota ba zai yi ba?

Ya fi babu, amma ba aikinsa ba ne. An yi man inji ne domin ya hana ƙarfe biyu taɓa juna, kai kuwa so kake kaifi ya shiga ƙarfe. Man yanka na gaskiya, mai sinadarin sulfa, shi ya dace da baƙin ƙarfe da sitenles, kuma za ka ji bambancin a hannu tun zagayen farko. Alminiyam kananzir yake so ko wani siririn mai, domin yana manne wa haƙoran tap ya yayyaga tiredi. Ƙarfen zubi a bushe ake yanka shi, domin ɓurɓushinsa gari ne, in ya haɗu da mai sai ya zama kwaɓi ya toshe kwarmi. Tagulla ma a bushe ko da ɗan siririn mai. A guji mai mai sulfa a kan jan ƙarfe da tagulla, yana baƙanta su.

Ramin da bai ɓulle ba fa?

Nan ne tap ya fi karyewa, saboda dalili biyu: ɓurɓushi ba shi da mafita, kuma ƙasan rami na jiran bakin tap. Ka huda ramin ya fi tiredin da kake buƙata zurfi. A ce kana son cikakken tiredi milimita 16 na M8×1.25. Haƙora huɗun gaba na tap na biyu ba sa yanka cikakke, wannan milimita 5 ke nan. Ƙara 2 ko 3 domin ɓurɓushi ya samu wurin zama. Ramin ya kai 24, ban da tsinin bit, wanda a bit mai kusurwa digiri 118 yakan ci kimanin kashi uku cikin goma na kaurinsa.

Auna zurfin ka naɗa salatif a jikin tap, ko ka ɗaura masa noti a daidai inda za ka tsaya. Taurin isa ƙasa daban yake da taurin ɓurɓushi: farat ɗaya yake zuwa, babu sassauci. In ka ji shi kada ka ƙara ko kwatan zagaye. In wurin bai ba da damar ƙara zurfi ba, a nan ne tap na uku ke da amfani, bayan na farko da na biyu sun gama nasu kuma an share ramin.

Tsawon tiredi nawa ya isa?

Ƙasa da yadda mutane ke zato. Dubi noti na M10, tsayinsa kimanin milimita 8 ne kawai, amma bolti kan tsinke kafin tiredin notin ya kwaɓe. Haƙorin farko shi kaɗai yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyi, kuma bayan haƙori na shida saura kaɗan ne ke kaiwa ga na ƙasa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce: a baƙin ƙarfe tsawon tiredi ya kai kaurin bolti, a ƙarfen zubi da tagulla ɗaya da rabi, a alminiyam ninki biyu. Yanka milimita 40 ga bolti M8 ƙarin haɗari ne ga tap ba tare da ƙarin ƙarfi ba. In aikin na da kauri, buɗe saman ramin da bit ɗin da bolti zai wuce, ka yanka tiredi a inda ake buƙata kawai.

Zan iya sa tap a dirilin hannu?

Ana yi, amma da sharuɗɗa. Ramin ya zama a ɓulle, ƙarfen ba mai kauri ba, gudun ya zama mafi ƙanƙanta, a kuma sassauta kulocin dirilin yadda zai zame in tap ya cije. Mafi muhimmanci, tap ɗin ya zama na inji. Tap na hannu an yi shi ne domin gaba da baya, in ka tura shi kai tsaye zai toshe.

Na inji iri biyu ne aka fi sani. Akwai wanda aka karkata kaifin bakinsa, yana tura ɓurɓushi gaba ya faɗi ta ƙasan rami. Wannan na ramin da ya ɓulle ne, kuma ya fi ƙarfi saboda kwarminsa ba zurfi. Akwai mai murɗaɗɗen kwarmi kamar na bit, yana jawo ɓurɓushi sama, shi ne na ramin da bai ɓulle ba. In ka musanya su, na farkon zai danƙare ɓurɓushi a ƙasan rami har ya karye.

A inji mai sarrafa kansa, saukar tap dole ta dace da tazara. M8×1.25 a zagaye 400 a minti, wanda ya yi daidai da gudun yanka kimanin mita 10 a minti, yana buƙatar sauka milimita 500 a minti.

Na ga tap marar kwarmi. Yaya yake yanka?

Ba ya yanka. Matse ƙarfen yake yi ya tura shi ya zama haƙori, saboda haka babu ɓurɓushi ko kaɗan, kuma tiredin na fitowa da santsi da ƙarfi. Yana aiki a ƙarfen da ke miƙewa, kamar alminiyam, jan ƙarfe da baƙin ƙarfe mai laushi. Ba ya yi a ƙarfen zubi. Raminsa ya fi na tap mai yanka girma: kauri a cire rabin tazara, wato kimanin 5.5 ga M6 da 7.4 ga M8. In ka huda masa 6.8 zai karye nan take.

Me ya sa sitenles ke cin tap?

Domin yana ƙara tauri a duk inda aka goge shi ba a yanka ba. In bit ɗinka ya dakushe, ko ka bar shi yana juyi a wuri ɗaya har ramin ya yi zafi, bangon ramin ya riga ya taurare kafin tap ya iso. Saboda haka maganin na farawa ne daga huda: bit mai kaifi, gudu kaɗan, matsi mai kyau ba tsayawa, da mai. Sannan sabon tap mai sinadarin kobalt, wanda za ka ga an rubuta HSS-E ko HSS-Co a jikinsa. Haka nan gefen da aka yanka da wuta, ko kusa da walda, yana iya yin tauri a wasu ƙarafa. Ka gwada da magagari. In ya zame bai ci ba, tap ma ba zai ci ba.

Tap ya karye a ciki. Me zan yi?

Da farko kada ka ɗauko bit. Taurin tap ɗaya ne da na bit ko ya fi, bit ɗin zai zame ya ci gefen rami ya ƙara ɓata aikin. Ka wanke ɓurɓushin da ke cikin kwarmi da siririyar waya da mai, domin sau da yawa shi ne ya riƙe guntun.

In guntun ya leƙo waje, kama shi da filaya mai kullewa, ka motsa shi gaba da baya a hankali kafin ka juya. In ya yi daidai da baki, akwai abin ciro tap mai 'yan yatsun ƙarfe da ke shiga cikin kwarmi, amma yana aiki ne kawai in guntun bai cije sosai ba. Ana kuma ɗora noti a kai a yi walda ta tsakiyarsa a haɗa shi da guntun, a bar shi ya huce, a kwance. Wasu kan farfasa guntun da fanci, tunda mai tsagewa ne. Wannan na yi a ramin da ya ɓulle, amma tiredin kan ji rauni, kuma dole a sa tabarau domin tsagin na tashi da gudu.

In aikin alminiyam ne ko tagulla, akwai hanya mai sauƙi: alif. A narkar da shi da yawa a ruwan zafi, cikin mazubin da ba na baƙin ƙarfe ba, a jiƙa aikin ana riƙe zafin ruwan. Alif na cin baƙin ƙarfe a hankali ya bar alminiyam. Yana ɗaukar sa'o'i ko kwanaki, kuma ba a yi wa aikin da ke da wani baƙin ƙarfe a jikinsa. In abin mai daraja ne, kamar kan inji, a kai wa masu injin da ke cinye ƙarfe da tartsatsin lantarki, ko masu yanka da kabaid, wanda ya fi tap tauri. Sun fi iya ceto ramin da ba a riga an daddaka ba.

Tiredi ya kwaɓe, bolti na juyi ba ya ɗauruwa. Akwai gyara?

Akwai. In wurin na da nama kuma babban bolti zai wuce ta ɗaya ɓangaren, a hau mataki na gaba: M6 ya koma M8 da bit 6.8, M8 ya koma M10 da bit 8.5. In dole a riƙe girman asali, sai a sa naɗaɗɗiyar wayar sitenles irin ta Helicoil. Saitinta na zuwa da bit da tap na musamman wanda ya fi girma amma tazararsa ɗaya da ta asali, tap na yau da kullum ba zai maye gurbinsa ba. A murɗa wayar ta nutse ɗan ƙasa da baki, sannan a karya ɗan harshen da ke ƙasanta a fitar da shi. A alminiyam wannan gyara yakan fi tiredin asali juriya. Ga wurin da ake yawan kwancewa, kamar ramin fulogi mai M14×1.25, bushin ƙarfe mai tiredi ciki da waje ya fi zama daram.

In tiredin bai kwaɓe ba, tsatsa ce ko datti, kada ka yi saurin sa tap mai kaifi, domin yana iya shafe ƙarfe ya bar ramin da sako-sako. Ɗauki bolti mai kyau ka yanke masa kwarmi biyu a tsaye da zarton ƙarfe, ka bi ramin da shi da mai.

Tap ɗin bututu daban ne?

Daban ne, kuma lambarsa ba kaurinsa ba ce. Bututun da ake kira rabin inci kaurinsa na waje ya kai kusan milimita 21. Akwai tiredin bututu na BSP na Birtaniya mai digiri 55 da NPT na Amurka mai digiri 60. A kwatan inci BSP na da haƙora 19 a inci, NPT 18. A rabin inci duka 14 ne, shi ya sa ake haɗa su a yi ta fama da yoyo. Masu tsukewa a cikinsu suna ƙara kauri 1 cikin 16, saboda haka iya zurfin da ka kai tap iya faɗin ramin. Kada ka nutsar da shi duka. Ka riƙa fitarwa kana gwada abin da za a ɗaura, ya shiga 'yan zagaye da hannu sannan ya matse.

Ga dayis kuma, me zan kula da shi?

Sandan ya ɗan gaza lambar, kamar 9.8 ko 9.9 ga M10, domin ƙarfe na tasowa yayin yanka. A zabge bakinsa da magagari. A fara ta fuskar dayis da haƙoranta ke a zabge. In mai tsaga ne, a buɗe shi da sukurun tsakiya a yi yankan farko, sannan a matse kaɗan a sake bi har noti ya shiga daidai.

Ramin ya ƙi karɓar tap duk da komai daidai ne.

Duba ko akwai LH a jikin tap ko a tsohon bolti. Tiredin hagu ne, irin na fedar hagu ta keke da na mahaɗin gas ɗin asitilin, wanda ake yi wa notinsa tsaga a matsayin alama. In ba haka ba, dubi haƙoran gaban tap a haske. Kaifi mai kyau ba ya ƙyalli. In ka ga farin layi a bakin haƙori, ko wani ya ɓalle, ko tap na kuka yana barin tiredi a yayyage, ya gama aiki. Zuba su wuri ɗaya suna bugun juna na saurin kashe su, kowanne ya samu gurbinsa.

Na gama yanka. Saura me?

Fitar da tap a hankali, ka tallafe mariƙin a zagayen ƙarshe kada nauyinsa ya ɓalle haƙorin sama. Share ramin da buroshi ko iska, fuskarka a kauce da tabarau a ido, kada ka hura da baki. A ramin da bai ɓulle ba ka tabbata babu mai ko ruwa a ƙasa, domin ruwa ba ya matsuwa, kuma bolti in ya sauka a kansa yana iya tsaga ƙarfen zubi ko alminiyam. Sannan gwada sabon bolti da yatsu kawai. Ya kamata ya shiga har ƙasa ba tare da sufana ba, kuma in ka girgiza shi bayan zagaye huɗu ko biyar wasan ya zama kaɗan. Inda ake aiki da yawa ana amfani da ma'auni mai kai biyu: kai ɗaya dole ya shige duka, ɗayan kuma kada ya wuce zagaye biyu. Alamar 6H da ke jikin yawancin tap na milimita ita ce ke nuna iyakar wasan da aka yarda da shi, kuma an yi ta ne ta dace da bolti mai 6g.